Horon Sanin Makamar Aiki ga Ɗaliban Sashen Ingilishi: Amfaninsa da Sharuɗɗan Nasararsa

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara jami'o'in ƙasar Nijar suna yaye ɗalibai masu digirin lisansi a harshen Ingilishi. Ɗalibi yakan share shekara uku yana nazarin nahawu da ilimin furuci da adabin Ingila da na Amurka da na Afirka. Ya karanta Shakespeare, ya karanta Chinua Achebe da Wole Soyinka, ya kuma ci jarrabawa a kansu. Amma ranar da aka ajiye masa wasiƙar kasuwanci aka ce ya mayar da ita Ingilishi kafin azahar, ko aka tsayar da shi tsakanin likita baƙo da majiyyaci aka ce ya yi tafinta, sau da yawa sai a ga ya rasa ta inda zai kama. Wannan giɓi da ke tsakanin karatun aji da bukatar wurin aiki shi ne ake son horon sanin makamar aiki ya cike.

Batun ya ƙara nauyi a ƴan shekarun nan. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ɗalibin da ya mallaki waɗannan harsuna uku yana riƙe da jari mai tsada, muddin ya iya sarrafa su a aikace. Wannan takarda za ta bayyana ma'anar horon da asalinsa, da yadda yake koyar da ɗalibi, da abin da bincike ya gano game da tasirinsa, da matsalolin da ke rage masa amfani, sannan da sharuɗɗan da ke sa ya yi nasara.

2.0 Ma'anar Horon Sanin Makamar Aiki

Horon sanin makamar aiki wani ƙayyadadden lokaci ne da ɗalibi yake yi a wata ma'aikata, yana aiki irin na ma'aikatan wurin, a ƙarƙashin kulawar wani gwani, da nufin koyo. A Nijar an fi saninsa da sitaj, kalmar da aka aro daga Faransanci. Abubuwa uku ne suka bambanta shi da sauran ayyuka: yana da farko da ƙarshe, yana da mai kulawa, kuma koyo shi ne manufarsa ta farko.

Ya kamata a rarrabe shi da bautar ƙasa, wadda ake yi bayan kammala karatu, kamar yadda ake yi a Nijar, da kuma a Nijeriya da Gana tun daga 1973. Mai bautar ƙasa hidima ya je yi wa ƙasarsa, ko ya koyi wani abu ko bai koya ba. Haka kuma ya bambanta da aikin sa kai, wanda ba shi da alaƙa da manhajar jami'a.

Ana iya kasa horon gida uku:

(a) Horon lura: ɗalibi yana kallon yadda ake gudanar da aiki, yana tambaya, yana rubuta abin da ya gani. Yawanci gajere ne.

(b) Horon aikatawa: ana danƙa wa ɗalibi wani aiki, kamar koyar da darasi ko fassara takarda, sannan a duba a gyara masa.

(c) Horon ƙarshen karatu: ya fi tsawo, kuma ɗalibi yakan rubuta rahoto ko kundi a kansa, a ba shi maki.

Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron maƙera yakan fara da zuga wuta, daga nan a bar shi ya ƙera ƙusa, kafin a amince masa da fartanya. Abin da jami'a ta ƙara kawai shi ne rubutacciyar manufa da awon sakamako.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A jami'o'in zamani, ana danganta haɗa karatu da aiki ga Herman Schneider, wanda a 1906 ya ɓullo da tsarin da ɗaliban injiniya na Jami'ar Sinsinati ta Amurka suke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta. Daga fannin injiniya da likitanci da koyarwa ne tsarin ya bazu zuwa sauran fannoni. A Nijeriya, asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971 ya fito da shirin SIWES a 1973, domin tura ɗaliban fannonin kimiyya da fasaha zuwa masana'antu kafin su gama karatu.

A ƙasashen rainon Faransa kuwa, babban sauyin ya zo ne da tsarin LMD, wato lisansi da masta da dakta. Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999 a Turai, kuma ƙungiyar UEMOA ta amince da shi ga ƙasashenta a 2007. A ƙarƙashinsa lisansi shekara uku ne, mai kiredi 180, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce kusantar da karatun jami'a ga sana'a. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, da jami'o'in da aka buɗe a Damagaram da Maraɗi da Tawa a 2010, duk a kan wannan tsari suke tafiya.

Abin lura a nan shi ne, an gina tsarin horon ne tun asali domin fannonin da ke da sananniyar ma'aikata. Ɗalibin likitanci asibiti zai nufa, na injiniya kuma masana'anta. Ɗalibin Ingilishi fa?

4.0 Halin da Ɗalibin Ingilishi Yake Ciki

Abubuwa biyu ne suka sa matsayin ɗalibin Ingilishi ya fita daban.

Na farko, harshe ba sana'a guda ba ce. Kayan aiki ne da ake shiga sana'o'i da yawa da shi: koyarwa, fassara, tafinta, aikin jarida, aikin ofis, kasuwanci, yawon buɗe ido. Kowace sana'a tana da nata salon magana da nata kalmomi. Ingilishin rahoton ƙungiyar agaji daban yake da na takardar fito da kaya a kwastan, kuma dukkansu daban suke da Ingilishin sharhin adabi da ɗalibi ya saba rubutawa.

Na biyu, ɗalibin Nijar yana koyon Ingilishi ne a inda ba a magana da shi a titi. Ya fara shi a ajin farko na kwaleji, ƴan sa'o'i a mako, alhali sauran darussa duk da Faransanci ake yi. A gida da kasuwa Hausa yake ji, ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci. A jami'a ma damar magana kaɗan ce. A ɗauka aji yana da ɗalibai 100, darasin magana kuma sa'a biyu ne. Ko da malami bai ce uffan ba, aka raba lokacin daidai, kowane ɗalibi minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi zai samu. Idan kuwa ɗalibi ya yi horon mako takwas, kwana biyar a mako, sa'a shida a rana, sa'a 240 ke nan. Ko da kashi ɗaya bisa huɗu na wannan lokaci ne kawai ya yi amfani da Ingilishi, ya sami sa'a 60, abin da aji mai cunkoso ba zai iya ba shi ba.

5.0 Yadda Horon Yake Koyarwa

Masana ilimi sun daɗe suna nuna cewa aiki kaɗai ba ya koyarwa sai an haɗa shi da tunani. John Dewey ya yi wannan bayani a 1938, inda ya nuna cewa akwai gogewar da ke ilimantarwa, akwai kuma wadda ke dakushe mai koyo. A 1984 David Kolb ya tsara koyo ta hanyar aiki a matakai huɗu da ke zagayawa: aikatawa, waiwaye a kan abin da ya faru, fitar da ƙa'ida, da gwada ƙa'idar a sabon aiki.

Ga misali. An ba ɗaliba rahoton Faransanci ta mayar Ingilishi. Ta ga kalmar actuellement, sai ta rubuta actually. Wannan shi ne aikatawa. Mai kula da ita ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, ya ce ta sake dubawa. Ta duba ƙamus ta ga cewa kalmar Faransancin tana nufin "a halin yanzu", ta Ingilishin kuma tana nufin "a haƙiƙa". Wannan shi ne waiwaye. Daga nan ta gane cewa akwai jerin kalmomi masu kama da juna a harsunan biyu amma ma'anarsu daban: éventuellement da eventually, demander da demand, librairie da library. Ita kanta kalmar stage haka take, domin a Ingilishi dandamali take nufi ko mataki. Wannan shi ne fitar da ƙa'ida. A fassara ta gaba sai ta riƙa tsayawa a kan duk kalmar da ta zo mata da sauƙi fiye da kima. Zagayen ya cika ke nan. Da mai kulawa bai ja layin nan ba, da ɗalibar ta maimaita kuskuren har ya zame mata jiki.

A fannin koyon harshe na biyu ma akwai hujja. Merrill Swain ta yi nazarin yaran Kanada masu jin Ingilishi da ake koyar da su dukkan darussa da Faransanci. Ta lura cewa suna fahimtar harshen sosai, amma nahawunsu wajen magana da rubutu yana da rauni. A 1985 ta bayyana cewa saurare da karatu ba su wadatar ba, sai an matsa wa mai koyo ya furta ko ya rubuta abin da dole wani ya fahimta daidai. A lokacin ne yake gane inda iliminsa ya tsaya. Wurin aiki yana da wannan matsi. A jarrabawa, jimla marar kyau rabin maki take jawowa. A ofis, jimla marar kyau tana iya sa a aika kaya zuwa garin da ba shi ba.

6.0 Abin da Bincike Ya Gano

Auna tasirin horo yana da wuya saboda dalili ɗaya. Ɗaliban da ke samun gurbin horo sau da yawa su ne masu ƙwazo ko masu hanya tun farko. Idan aka ga sun riga sauran samun aiki, ba a san ko horon ne ya taimake su ba, ko kuwa halin da suka zo da shi. Masu bincike sun bi hanyoyi biyu don kauce wa wannan ruɗani.

Hanya ta farko ita ce aika takardun neman aiki na ƙirƙira, waɗanda komai nasu iri ɗaya ne sai abu guda da ake son aunawa. John Nunley da abokan aikinsa sun aika irin waɗannan takardu kimanin 9,400 ga kamfanonin Amurka masu neman ma'aikata a harkokin banki da inshora da talla da makamantansu, suka buga sakamakon a 2016. Sun gano cewa takardar da ta nuna mai ita ya yi horo ta fi samun kiran ganawa da kimanin kashi 14 cikin ɗari. Abin da ya fi shafar mu shi ne, cikin fannonin da suka gwada har da Ingilishi da tarihi, kuma amfanin horon ya fi yawa ga waɗanda ba fannin kasuwanci suka karanta ba. Dalilin a fili yake: mai ɗaukar ma'aikata yana shakkar ko ɗan adabi zai iya aikin ofis, horon kuma shi ke kawar da shakkar. Wani gwaji irin wannan da Stijn Baert da abokansa suka yi a Beljiyam, aka buga a 2021, ya sami ƙarin kashi 12.6 cikin ɗari.

Hanya ta biyu ita ce kwatanta ɗaliban da jami'arsu ta wajabta musu horo da waɗanda ba a wajabta musu ba, tunda a nan ba ɗalibi ne ya zaɓa ba. Shushanik Margaryan da abokan aikinta sun yi haka da bayanan waɗanda suka kammala jami'a a Jamus, suka buga a 2022, inda suka gano cewa horon yana ƙara albashi da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

Sai dai dole a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. Na ɗaya, an yi binciken ne a ƙasashen da kamfanoni suke da yawa, ake kuma ɗaukar ma'aikata ta hanyar sanarwa da takarda. A Nijar mafi yawan jama'a a noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke, guraben albashi kuma kaɗan ne. Na biyu, abin da aka auna shi ne buɗewar ƙofar aiki da albashi, ba ƙaruwar ƙwarewa a harshe ba. Ana iya kiran mutum ganawa saboda takardar shaidar horo, alhali bai ƙaru da ko jimla ɗaya ba. Saboda haka binciken ya tabbatar da cewa horo yana da daraja a idon mai ɗaukar aiki. Batun ko ya koyar da Ingilishi kuwa, wannan ya danganta da inda aka yi shi da yadda aka yi shi.

7.0 Wuraren Horo da Abin da Kowanne Yake Koyarwa

7.1 Makaranta

Koyarwa ita ce sana'ar da ta fi ɗaukar masu digirin Ingilishi. A kwaleji da lise ɗalibi yana koyon tsara darasi, da rarraba lokaci, da riƙe aji mai yara da yawa da littattafai kaɗan. Yana kuma gane cewa sanin ƙa'ida daban, iya bayyana ta ga yaro ɗan shekara 12 daban. Babbar makarantar horon malamai ta Yamai ta daɗe tana tura ɗalibanta koyarwar gwaji, amma ɗalibin tsangayar adabi yakan tsinci kansa a gaban allo ba tare da wannan shiri ba. Haɗarin makaranta shi ne a mayar da ɗan horo malamin cike gurbi, a bar masa aji shi kaɗai babu mai duba shi.

7.2 Fassara da Tafinta

A Yamai akwai hukumomin da ke haɗa ƙasashe masu Faransanci da masu Ingilishi, irin su Hukumar Kogin Kwara, wadda Nijeriya take cikinta, da hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya da aka kafa a 1971. Irin waɗannan wurare takardunsu da tarurrukansu suna bukatar harsuna biyu. A nan ɗalibi yake koyon ƙananan abubuwa masu babban sakamako. Misali, Faransanci yana amfani da waƙafi wajen rubuta ɓangaren lamba, Ingilishi kuma yana amfani da shi wajen raba dubbai. Saboda haka 1,500 a takardar Faransanci ɗaya da rabi ne, a takardar Ingilishi kuma dubu da ɗari biyar. Mai fassarar da bai lura da wannan ba yana iya ɓata kasafin kuɗi gaba ɗaya.

7.3 Ƙungiyoyin Agaji

Tun daga 2013 ƴan gudun hijira daga Nijeriya suka fara kwarara jihar Difa, daga 2019 kuma jihar Maraɗi. Aiki a irin waɗannan wurare yakan haɗa Hausa da Faransanci da Ingilishi a zama ɗaya. Tafinta a nan amana ce. Idan uwa ta ce ɗanta yana da shawara, ciwo take nufi, wanda ke sa idanu su yi rawaya, ba nasiha ba. Ɗalibin da ya san Hausar littafi kawai, ko Ingilishin adabi kawai, a irin wannan wuri yake gane cewa sai ya tanadi kalmomin lafiya a harsuna uku.

7.4 Kafofin Watsa Labarai

Labaran duniya da yawa da Ingilishi suke fara fitowa, kuma mayar da su Hausa tsohuwar sana'a ce: sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye tun 1957. A gidan rediyo ko jarida ɗalibi yana koyon sauri, da taƙaita dogon labari, da gina jimlar da kunnen Bahaushe zai karɓa ba tare da ƙamshin harshen da aka ɗauko ta ba.

7.5 Kasuwancin Kan Iyaka

Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma hanyoyin Maraɗi zuwa Katsina, Ƙonni zuwa Illela, da Damagaram zuwa Daura da Kano tsofaffin hanyoyin fatauci ne. Cinikin baki da Hausa ake yi, amma takardun banki da na kamfanonin Nijeriya da Ingilishi suke. A nan ma akwai tarko: a Nijar dala tana nufin sefa biyar, don haka dala ashirin sefa ɗari ce, jaka kuma sefa dubu. Ɗalibi zai kuma ji Ingilishin Nijeriya da Burokan, waɗanda furucinsu ya sha bamban da na faifan da ya saurara a aji.

8.0 Matsalolin da ke Rage Amfanin Horo

(a) Rashin Ingilishi a wurin horo. Mafi yawan ofisoshin Nijar da Faransanci suke aiki. Ɗalibi yana iya yin wata biyu a ma'aikata bai furta jimlar Ingilishi ko ɗaya ba. Ya koyi zuwa aiki a kan lokaci, wanda abu ne mai kyau, amma fanninsa bai motsa ba.

(b) Aikin da ba na koyo ba. Ɗan horon da ya ƙare kwanakinsa wajen ɗaukar hoton takardu da dafa shayi da zuwa aike ya sami takardar shaida ne kawai.

(c) Rashin mai gyara. Idan babu wanda ya fi ɗalibi Ingilishi a wurin, shi ne zai zama gwani, kuma kurakuransa za su fita a matsayin aikin ma'aikata. Zagayen Kolb ya tsaya a mataki na farko ke nan.

(d) Kuɗi. Horo marar alawus yana bukatar kuɗin mota da abinci, wani lokaci har da haya. Ɗan mai hali zai iya, ɗan talaka daga ƙauye ba zai iya ba. Ta haka abin da aka yi domin daidaita dama sai ya ƙara nisa tsakanin ɗalibai. A Faransa, doka kamar yadda aka gyara ta a 2014 ta hana horo ya wuce wata shida a ma'aikata ɗaya cikin shekarar karatu, ta kuma wajabta biyan alawus idan ya wuce wata biyu.

(e) Sanayya. Inda sashe bai nemo gurabe da kansa ba, wanda yake da kawu a ofis shi ke samu. Ɗalibai mata kuma suna da ƙarin cikas idan gurbin yana wani gari, ko kuma babu wanda za su kai wa ƙara idan aka ci zarafinsu.

(f) Sauyin kasuwar aiki. Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairun 2025, kuma a shekarar ce Amurka ta rage tallafin da take bai wa ayyukan agaji a duniya. Sashen da ya dogara ga ƙungiyoyin waje kaɗai wajen samun gurabe yana bukatar sake lissafi.

(g) Fassarar na'ura. Manhajoji irin su Google Translate suna fitar da fassara cikin daƙiƙoƙi. Ɗan horon da ke liƙa rubutu yana kwafe sakamako bai koyi komai ba. Amma wanda aka koya wa duba aikin na'ura, ya gano inda ta karkatar da ma'ana ko ta kwafo ginin jimlar wani harshe, ya koyi sana'ar da ake nema a yau.

9.0 Sharuɗɗan Nasara

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da sharuɗɗa bakwai.

1. Rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'a da ma'aikata da ɗalibi, wadda ta fayyace tsawon lokaci da irin aiki da haƙƙin kowa.

2. Manufofi masu ƙirguwa. Maimakon a ce "ƙara ƙwarewa a Ingilishi", a ce ɗalibi zai fassara takardu goma, ko ya koyar da darussa goma sha biyu, ko ya rubuta rahoton taro uku.

3. Masu kulawa biyu: ɗaya a wurin aiki, ɗaya a sashe. Idan ma'aikata ba ta da gwanin Ingilishi, malamin sashe shi zai riƙa duba samfurin aikin ɗalibi a kai a kai.

4. Shiri kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tura ɗalibi, a koya masa rubuta wasiƙar aiki da saƙon imel da rahoton taro, da ladubban tafinta, musamman riƙe sirri da rashin ƙari ko ragi a maganar mutane.

5. Littafin aiki na kullum, wanda ɗalibi zai rubuta da Ingilishi: me na yi yau, ina na kakare, me na gano. A ƙarshen littafin ya tara jerin kalmomin fannin a harsuna uku.

6. Awo kafin horo da bayansa. Ma'aunin harsuna na Majalisar Turai da aka buga a 2001 ya kasa ƙwarewa mataki shida, daga A1 zuwa C2. Sashe yana iya amfani da shi, ko da wani gwaji nasa, domin ya san ko magana da rubutun ɗalibi sun ƙaru.

7. Maki a kan aiki. A dogara ga fassarorin da ɗalibi ya yi, da tsarin darussansa, da gyare-gyaren da aka yi masa, fiye da dogon rahoton da ke ba da tarihin ma'aikata.

Inda gurabe suka yi ƙaranci, sashe yana iya buɗe nasa wurin horo: ƙaramin ofishin fassara da zai riƙa karɓar taƙaitattun bayanan kundayen sauran tsangayoyi yana mayar da su Ingilishi, ko darussan yamma ga ƴan kasuwa da ƴan makarantun unguwa, duk a ƙarƙashin kulawar malami. Wannan ya fi a tura ɗalibi inda zai zauna a kan benci yana jiran lokacin tashi.

10.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa horon sanin makamar aiki yana da amfani iri biyu ga ɗalibin Ingilishi. Na farko, shaida ce da ke sa mai ɗaukar ma'aikata ya saurare shi, kuma binciken da aka yi a Amurka da Beljiyam da Jamus ya tabbatar da haka. Na biyu, dama ce ta sarrafa harshe a inda kuskure yake da sakamako, abin da aji mai cunkoso ba ya bayarwa. Amfani na farko yana iya samuwa ko da horon bai yi kyau ba. Na biyu kuwa ba ya samuwa sai an yi aiki da Ingilishi a wurin, an sami mai gyara, an kuma ba ɗalibi lokacin waiwaye.

Saboda haka, idan ɗalibi ya dawo daga horo, tambayar da ta kamata sashe ya yi masa ita ce: nuna mana abin da ka rubuta ko ka fassara ko ka koyar, da gyaran da aka yi maka. Amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko watannin da ya yi a waje sun shiga cikin karatunsa, ko kuwa hutu ne aka ba shi da wani suna.